Sharhi Kan WD Black Mai Terabayit 4: Shin Ya Cancanci Zama Faifan Ajiyar Kwamfutar Tebur?

Duk wanda ya tashi sayen faifan ajiya domin kwamfutarsa ta tebur, abu biyu yake nema a lokaci guda: ya samu mai sauri, kuma ya samu wanda ba zai wayi gari ya tarar ya mutu da ayyukansa a ciki ba. Shekaru da dama ke nan WD Black na kamfanin Western Digital yana cikin sunayen da ake fara ambata idan an yi wannan tambaya, kuma a kansa wannan sharhi ya tsaya, musamman samfurin terabayit 4 mai lamba WD4005FZBX, wanda na daɗe ina aiki da shi a matsayin faifai na biyu a kwamfutar da nake tace bidiyo da adana hotuna. Hukuncina shi ne faifan yana da kyau ƙwarai, sai dai dalilin kyawunsa ya bambanta da wanda aka fi tallatawa. Da sunan gudu ake sayar da shi, alhali abin da ya fi cancanci kuɗin mai saye a cikinsa shi ne saurinsa ba ya rushewa idan aiki ya yi nauyi, sannan kamfanin ya tsaya masa da garantin shekara 5.

Yana da kyau mai saye ya san cewa kasuwar faifai mai juyawa, wato hard disk, ta ƙuntata matuƙa. Tun da kamfanin IBM ya fitar da faifan farko a 1956, kamfanoni masu yawa sun shiga wannan sana'a sun fita, har aka wayi gari uku kaɗai suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba. Seagate ya sayi Maxtor a 2006, ya kuma karɓi sashen faifai na Samsung a 2011. Western Digital ya sayi sashen Hitachi da ake kira HGST a 2012. Toshiba kuwa ya karɓi na Fujitsu a 2009. Saboda haka gardamar da ake yawan yi a kan wane kamfani ne ya fi wani ba ta da amfani sosai, domin kowane ɗaya daga cikin ukun yana da samfuri mai inganci, yana kuma da wanda aka rage wa ƙarfi domin ya yi araha. Lambar samfurin da ke rubuce a jikin faifan ita ce ke faɗin gaskiyarsa. A wajen Western Digital an raba kayan da launi: Blue na aikin yau da kullum ne, Red na akwatunan ajiya da ake haɗawa da hanyar sadarwa, Purple na kyamarorin tsaro, Gold na manyan cibiyoyin bayanai, Black kuma na masu aiki mai nauyi a kwamfutar tebur.

Faifan da ake magana a kansa mai faɗin inci 3.5 ne, ana haɗa shi da wayar SATA, farantansa suna juyawa sau 7200 a minti ɗaya, kuma yana da ma'ajiyar wucin gadi mai megabayit 256. Daga cikin waɗannan alƙaluma, na juyawar ne ya fi tasiri a kan abin da mai aiki zai ji a hannunsa. Bayanai suna rubuce ne a kan layuka masu zagaye a fuskar faranti, kuma kafin a karanta kowane fayil, dole allurar karatu ta matsa zuwa layin da ake so, sannan ta jira farantin ya juyo da wurin da bayanin yake. A gudun 7200, farantin yana zagayowa sau 120 a daƙiƙa, don haka matsakaicin jiran ya kai milisakan 4.17, wato kashi 4.17 cikin 1000 na daƙiƙa. A faifai mai gudun 5400 kuwa jiran yakan kai milisakan 5.56. Bambancin kamar ba kome ba ne a takarda, amma idan manhaja tana neman dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse, sai ya taru ya zama jira na gaske.

Idan ana kwafar babban fayil guda, kamar bidiyo mai gigabayit da yawa, wannan faifai yana kaiwa kusan megabayit 200 a daƙiƙa lokacin da yake sabo ko ba a cika shi ba. Wannan gudu ba ya ɗorewa har ƙarshe, kuma hakan ba aibu ba ne a gare shi, domin haka kowane faifai mai juyawa yake. Layukan da ke gefen faranti sun fi na tsakiya tsawo, saboda haka a zagaye ɗaya sun fi wucewa da bayanai a ƙarƙashin allura, kuma daga gefen ake fara rubutu ana shiga ciki. Idan faifan ya kusa cika, gudun yakan sauko zuwa kusan rabi. Wannan ne ya sa nake ganin terabayit 4 ya fi terabayit 2 hikima ko ga wanda bayanansa ba su kai haka ba, tunda zai daɗe yana aiki a ɓangaren da ya fi sauri.

Akwai wasu alƙaluma biyu da ke ruɗar masu saye. Na farko shi ne gigabit 6 a daƙiƙa da ake rubutawa a kwali. Wannan iyakar wayar SATA ce, wadda ta yi daidai da kusan megabayit 600 a daƙiƙa, kuma faifan tebur mai juyawa ba ya cika ko da rabin wannan hanya a dogon aiki. Na biyu shi ne girman ma'ajiyar wucin gadi. Tana taimakawa wajen karɓar ɗan rubutu da sauri kafin a sauke shi a kan faranti, amma megabayit 256 nan da nan yake cika, kuma akwai faifai masu rauni da ke ɗauke da wannan adadi daidai, don haka yawanta kaɗai ba shaidar gudu ba ce.

A nan ya zama dole a faɗi abin da tallar ba ta faɗa ba. Wanda burinsa shi ne kwamfuta ta tashi nan take, manhajoji su buɗe ba jira, to WD Black mai juyawa ba zai ba shi wannan ba, haka ma duk wani ɗan'uwansa. Idan aka haɗa lokacin matsawar allura da na jiran faranti, faifai mai gudun 7200 yakan iya biyan buƙatu warwatsattsu kusan 80 zuwa 100 ne a daƙiƙa, alhali SSD mafi sauƙi, wanda ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa, yana biyan dubbai masu yawa. SSD mai wayar SATA yana kaiwa kusan megabayit 550 a daƙiƙa, mai tsarin NVMe, wanda ake haɗawa kai tsaye da allon kwamfuta ta mahaɗin PCIe 3.0, yana kaiwa kusan 3500, na PCIe 4.0 kuma kusan 7000. Babbar manhajar kwamfuta, ko Windows ce ko Linux, aikinta kusan duka na ƙananan fayiloli ne, saboda haka wurinta yana kan SSD, kuma ɗora ta a kan faifai mai juyawa a yau tauye kwamfutar ne komai tsadar sauran kayanta. Wurin da ya dace da WD Black shi ne na biyu, inda ake tara bidiyo da hotuna da wasanni da tsoffin ayyuka, abubuwan da girmansu ya sa ajiye su a SSD yake da tsada. A kula kuma, akwai SSD da ake sayarwa da wannan suna na WD Black, irin su SN850X, kuma kaya ne daban gaba ɗaya da wanda ake sharhi a kansa.

Babban abin da ya ɗaga darajar wannan faifai a wurina shi ne yadda yake rubutu a kan farantansa. Hanya biyu ake bi a yau. A tsohuwar hanya, wadda ake kira CMR, kowane layi yana zaune shi kaɗai da ɗan tazara tsakaninsa da na kusa da shi, don haka ana iya goge shi a sake rubutawa ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba. A sabuwar hanya, wadda ake kira SMR, an yi amfani da cewa allurar rubutu ta fi ta karatu faɗi, sai aka riƙa ɗora kowane layi a kan gefen wanda ya gabace shi, kamar yadda ake jera kwanon rufi kowanne ya hau bakin ɗan'uwansa. Wannan yana ƙara yawan abin da faranti zai ɗauka, yana kuma rage wa kamfani kuɗin ƙira, amma duk lokacin da za a canza bayani a tsakiyar jeri, sai an karanta layukan da ke biye an sake rubuta su. Domin ɓoye wannan nauyi, faifan SMR yana ware wani yanki inda yake karɓar sabon rubutu da sauri, sannan ya koma ya jera shi a lokacin da ba a aiki da shi.

Muddin rubutun kaɗan ne, mai aiki ba zai lura da kome ba. Matsalar tana bayyana ne ranar da aka tashi kwafar ɗaruruwan gigabayit a zama ɗaya, ko ake yawan gogewa da sake rubutawa, domin da zarar yankin nan ya cika, gudun yakan faɗi ƙasa warwas, wani lokaci kwamfutar ta yi kamar ta tsaya cak alhali faifan yana ta aiki a ciki. Abin takaici shi ne an ɗauki lokaci ana sayar da irin waɗannan faifai ba tare da an rubuta a kwali ba. A watan Afrilun 2020 ne aka bankaɗo cewa wasu samfuran WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 na SMR ne, kuma masu haɗa faifai da yawa a akwati ɗaya sun sha wahala da su wajen sake gina ajiyarsu. Bayan ƙorafin ya yi yawa, kamfanonin uku duka suka fitar da bayanin samfuransu masu SMR, Western Digital kuma ya ƙirƙiro sunan Red Plus domin ware waɗanda suke CMR. Daga wannan bayani ne aka san cewa WD Blue mai lamba WD20EZAZ da WD60EZAZ na SMR ne, haka ma Seagate BarraCuda mai lamba ST2000DM008 da ST4000DM004 da ST8000DM004, da wasu daga cikin Toshiba P300. ST2000DM008 misali ne mai kyau na yadda takarda ke yaudara, domin shi ma yana juyawa sau 7200 kuma yana da megabayit 256 na wucin gadi, ta yadda wanda ya duba kwali kaɗai zai ɗauka tsaran WD Black ne.

WD4005FZBX na CMR ne, kuma ana jin hakan a aiki. Na sha kwashe manyan tarin bidiyo zuwa cikinsa, ina kuma tace wani aikin daga gare shi a lokaci guda, gudun yakan ragu kamar yadda ake tsammani idan allura tana kai da komo tsakanin wurare biyu, amma bai taɓa durƙushewa ba. Wannan daidaito ya fi mini ƙarin megabayit 20 ko 30 a gwajin gudu, domin mai aiki da manyan fayiloli yana bukatar ya iya ƙiyasta lokacin da aikinsa zai ƙare. Ba ina cewa SMR ba shi da wurin zama ba ne. Ga ajiyar da ake rubutawa sau ɗaya a riƙa karantawa jefi-jefi, kamar tsoffin hotuna, yana yin aikinsa daidai kuma ya fi araha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya saye shi bisa rashin sani, ya ɗora masa aikin da ba a yi shi dominsa ba. Sunan Black ma shi kaɗai bai isa hujja ba, tunda ƙaramin samfurinsa na inci 2.5 mai terabayit 1, wato WD10SPSX, na SMR ne, saboda haka a duba lambar a takardar bayanan kamfanin kafin a biya.

Batun aminci ya fi na gudu wuyar aunawa, domin faifai ɗaya a hannun mutum ɗaya ba ya tabbatar da kome. Nawa bai ba ni matsala ba, amma wannan shaida ce ƙarama. Abin da za a iya dogara da shi shi ne abin da kamfanin ya yarda ya ɗaure kansa da shi, da kuma abin da masu riƙe da dubban faifai suka gani. Ta fuskar farko, WD Black yana da garantin shekara 5, alhali WD Blue da Seagate BarraCuda da Toshiba X300 shekara 2 suke da shi. Kamfani ba ya ba da dogon garanti a kan kayan da yake tsammanin za su riƙa dawo masa da yawa, don haka tsawon garantin alama ce mai ma'ana. Sai dai a fahimci iyakarsa: idan faifan ya mutu, wani faifan za a ba mutum, bayanan da ke ciki kuwa garantin bai shafe su ba.

Akwai wani adadi da ake rubutawa a takardun wasu faifai, MTBF, wanda yakan kai sa'o'i miliyan 1 ko ma miliyan 2.5 a na manyan cibiyoyi. Sa'o'i miliyan 1 sun haura shekara 114, kuma babu mai hankalin da zai ɗauka faifai zai rayu haka. Lissafi ne na taro: idan aka kunna faifai masu yawa a lokaci guda cikin shekarun ƙuruciyarsu, ana sa ran mutuwar guda ɗaya a duk lokacin da jimillar sa'o'in aikinsu ta kai wannan adadi. Wanda ya fi amfani ga mai saye shi ne nauyin aikin da aka ƙayyade wa faifan a shekara, wato yawan bayanan da zai karanta ko ya rubuta. Seagate, alal misali, ya ƙayyade wa BarraCuda terabayit 55 a shekara, IronWolf terabayit 180, Exos kuma terabayit 550, kuma wannan tazara tana nuna bambancin ƙirar da ke tsakanin faifan gida da na aiki dare da rana.

Ta fuska ta biyu, kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke adana wa mutane bayanai ta intanet, yana tattara alƙaluman mutuwar faifansa tun 2013 yana wallafawa, kuma a mafi yawan shekaru abin da ke mutuwa yana tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara idan aka haɗa duka. Darasin da ya fi fitowa daga alƙaluman shi ne bambanci yana tsakanin samfuri da samfuri ne, har a cikin kamfani ɗaya. Amma kada a ɗauke su a matsayin hukunci a kan faifan tebur kai tsaye, domin yawancin abin da suke amfani da shi manyan faifai ne da ke aiki ba hutu a cikin akwatuna masu ɗauke da gommai. Kafin su, a 2007, injiniyoyin Google sun wallafa nazari a kan faifai sama da 100,000, kuma abin da suka gano har yau yana da amfani. Faifan da ya nuna kuskuren farko wajen binciken fuskarsa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, wanda ke nufin gargaɗi idan ya zo abin ɗauka da gaske ne. A ɗaya ɓangaren kuma, kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi ba ko kaɗan.

Gargaɗin da ake magana yana fitowa ne daga tsarin SMART, wanda ke cikin kowane faifai na zamani, WD Black ma yana da shi, kuma ana karanta shi kyauta da manhaja irin su CrystalDiskInfo a Windows ko smartmontools a Linux. Ba sai mutum ya fahimci dukkan layukan da za su bayyana ba. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, lamba 197 tana ƙirga waɗanda ake shakkar lafiyarsu, lamba 198 kuma waɗanda aka kasa karantawa. A lafiyayyen faifai duka ukun sifili ne, kuma idan ɗaya ya fara hawa, musamman idan yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, lokaci ya yi da za a kwashe kaya. Lamba 199 kuwa yawanci laifin waya take nunawa, kuma canza wayar SATA kaɗai yakan tsayar da ita, don haka kada a yi gaggawar yanke wa faifan hukunci saboda ita.

Aibin WD Black da ya fi fitowa fili shi ne ƙara. An saita allurarsa ta riƙa matsawa da ƙarfi domin rage jira, kuma ana jin ƙwanƙwasarta a ɗaki mai shiru, musamman idan akwatin kwamfutar na siririn ƙarfe ne da ke amsa girgiza. Wanda yake naɗar murya a kusa da kwamfutarsa, ko yake kwana a ɗaki ɗaya da ita tana kunne, ya yi la'akari da wannan sosai. Ɗaure shi da dukkan kusoshinsa tare da robobin da ke shanye girgiza yana ragewa, amma ba ya kawar da ita. Yana kuma cin wuta da fitar da zafi fiye da faifai mai gudun 5400, saboda haka yana son a sa shi inda iskar fankar gaba ke ratsawa. Aibi na uku shi ne tsada, domin a kowane terabayit ya fi faifan gida na yau da kullum kuɗi, kuma wani kaso na wannan ƙari kuɗin garanti ne.

Idan aka jera shi da abokan takararsa, Toshiba X300 ne ya fi kusa da shi a manufa: yana juyawa sau 7200, na CMR ne, sau da yawa ya fi shi sauƙin kuɗi, sai dai garantinsa gajere ne. Wanda ya fi damuwa da aiki a yau fiye da kariyar shekaru masu zuwa ba zai yi asara da shi ba. Daga sama kuma akwai Seagate IronWolf Pro da Exos, da WD Gold da Ultrastar, waɗanda duka suke da garantin shekara 5 kuma aka ƙera su domin aiki ba tsayawa. Idan bukatar mutum ta haura terabayit 10, ina ganin gara ya duba waɗannan kafin ya duba Black, domin da yawa daga cikin manyansu an cika su da iskar hiliyam, dabarar da HGST ya fara fitarwa kasuwa a 2013. Hiliyam ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi nesa ba kusa ba, don haka farantai suna juyawa a cikinta da ƙarancin turjiya, abin da ke rage zafi da cin wuta, ya kuma ba da damar jera farantai da yawa a gida ɗaya. Wanda zai saya daga wannan rukuni ya tabbatar mai mahaɗin SATA ya ɗauka, domin ana yin wasunsu da mahaɗin SAS ma, wanda ba ya aiki a kwamfutar tebur ta yau da kullum sai da kati na musamman. A tsakanin terabayit 2 zuwa 6 kuwa, inda SMR ya fi yawa a faifan gida, nan ne WD Black ya fi samun hujjar zamansa.

Yadda aka sayi faifai da yadda aka fara aiki da shi suna da tasiri a kan amincinsa kamar yadda ƙirarsa take da shi. Allurar tana shawagi ne a saman faranti da tazarar nanomita kaɗan, kuma faifan da aka jefar ko aka yi jigilarsa ba kariya yana iya zuwa da rauni da ba a gani. Kada a karɓi wanda ledarsa ta buɗe ko wanda aka aiko yana yawo a cikin kwali. Ana kuma samun masu sayar da tsohon faifai da sunan sabo bayan sun goge ƙididdigar sa'o'insa, don haka yana da kyau a shigar da lambar shaidar faifan (serial number) da ke jikinsa a shafin garantin kamfanin, a ga ko ranar ƙarewar garantin ta yi daidai da ta sabon kaya. Bayan an haɗa shi, kafin a ɗora masa wani abu mai muhimmanci, a yi masa cikakken fomatin maimakon na gaggawa, ko a gudanar da dogon gwajin SMART. A faifai mai terabayit 4 wannan yakan ci sa'o'i 6 zuwa 8, amma yana bi ta kan kowane gurbi, kuma faifan da ya zo da lahani daga masana'anta ko daga hanya yakan tona kansa a wannan mataki, lokacin da mayar da shi yake da sauƙi.

Wajen shirya shi a Windows a zaɓi tsarin raba faifai na GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce kusan terabayit 2, sauran sai ya zauna a banza. Kada kuma a firgita idan aka ga 3.63 maimakon 4; kamfanoni suna lissafi da 1000 ne, Windows kuma da 1024, babu abin da aka rage. Faifan inci 3.5 yana jan wuta mai ɗan yawa a layin bolt 12 a lokacin da yake fara juyawa, saboda haka rarraunan akwatin wutar kwamfuta yana iya sa shi ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ma tana lalata fayiloli, kuma na'urar UPS ko ƙarama ce tana ba da mintunan da za a kashe kwamfuta cikin tsari. Haka nan ba a matsar da akwatin kwamfuta ko a buge shi alhali faifan yana juyawa.

Tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na faifan da suka mutu a nazarin Google ba su yi sallama ba, duk abin da ke kan WD Black wanda rasa shi zai yi zafi yana bukatar kwafi a wani wuri. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bi ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da inda kwamfutar take. Haɗa faifai biyu a tsarin RAID 1, inda ake rubuta abu ɗaya a kan duka biyun, yana kare mutum daga mutuwar ɗaya, amma duk abin da aka goge bisa kuskure, ko manhajar ɓarna ta kulle, nan take yake faruwa a kan duka biyun, don haka bai maye gurbin kwafin da ke ware ba. A nan ne faifan SMR mai araha yake da amfani na gaske, a sa shi a gidan USB, a riƙa haɗa shi lokacin kwafi kaɗai sannan a cire. Idan kuɗin da ke hannu ba zai isa a sayi WD Black tare da faifan kwafi ba, shawarata ita ce a sauko zuwa wani faifan CMR mai sauƙin kuɗi kamar X300, a yi amfani da ragowar wajen sayen na biyun.